Hajja Ƙugiya da Guntun Kibod

A unguwar Ɗan Iya, in ka hau keke ka ce a kai ka shagon Habibatu Bakari, mai keken zai yi ta zagaye da kai har ranka ya ɓaci. Ce masa Hajja Ƙugiya, ko waiwayowa ba zai yi ba, zai sauke ka a ƙofar wani ɗan shago mai koren fenti da ke jikin gidanta, inda take buga wa mutane takardu. Sunan ba na ado ba ne. Shekara talatin da takwas ke nan tana buga Hausa, kuma ba a taɓa kama takarda ɗaya daga hannunta ba wadda ƙ ta koma k, ko ɗ ta koma d, ko ɓ ta fito tsirara babu lanƙwasarta. Ba ta da mota, ba ta da fili a Tirwun kamar sauran danginta. Wannan sunan shi ne duk abin da ta tara a duniya, shi ne kuma ƙanenta Jalo ya kusa zubar mata da shi a kwata cikin kwana uku, saboda ƙwallon da ake bugawa da yatsa.

Mahaifinsu Bakari da shanu ya sauka Tirwun, tun wurin yana gonaki zalla. Ya sa Habibatu a makaranta ne ba don wani hangen nesa ba, sai don hannunta bai iya tatsa ba. Duk saniyar da ta taɓa sai ta yi harbi ta zubar da ƙwaryar. Da ta gama sakandare ta shiga wurin wata Bayarabiya, Madam Titilayo, mai koyar da tafireta a wani ɗaki mai zafi kamar tanda. Matar nan rufe wa ɗalibai hannu take yi da ƙyalle don kada su kalli haruffa, ga rula a hannunta, duk wadda ta leƙa sai ta ji ta a gaɓar yatsa. Ka'idarta ɗaya ce: kowane harafi da yatsansa, kowane yatsa da gidansa. Hannun da saniya ta ƙi, a nan ya sami abin yi. A shekarar 1985 aka ɗauki Habibatu aiki a wata ma'aikata, cikin ɗakin masu buga takardu, su bakwai.

Ba ta yi wata biyu ba ta sami sunanta. Wata mai shara, Dorcas, ta kai ƙorafi cewa an danne mata hutu. Shugaban sashen ya rubuta amsa da hannunsa cikin Hausa, ya buɗe da cewa wannan ƙarya ce, ya miƙo a buga. To tafiretar Turawa ba ta san ƙugiya ba. Habibatu ta buga abin da injin ya iya, takarda ta tafi. Ita kuwa Dorcas a coci ta koyi karatu, kuma abin da aka rubuta shi take karantawa, ba abin da ake nufi ba. Sai ga ta da tsintsiya a ɗage, tana tambayar wace ce a cikinsu ta kira ta karya, matar kare, ita da ta haifi 'ya'ya biyar da aure. Shida suka nuna Habibatu da baki. Shugaban ya fito da takardarsa ya nuna ƙugiyarsa ɓaro-ɓaro, ya ce shi babu ruwansa. Habibatu ta ƙarasa wannan yinin a ƙarƙashin tebur. Washegari ta zo da biro, kuma daga ranar duk takardar Hausa da ta zare daga injin sai ta bi ta layi-layi tana lanƙwasa wa haruffa kai. Dorcas ɗin ce, bayan sun shirya, ta laƙaba mata sunan.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, aka rushe ɗakin nasu, kowane oga ya koma buga tasa takardar da yatsa biyu kamar kaza na tsince gero. Habibatu ta yi ritaya ta buɗe shagonta. Wani mai gyaran kwamfuta, Istifanus, shi ya yi mata abin da ba ta taɓa mantawa ba: ya ɗora mata haruffan ƙugiya a kan layin maɓallan da ke can saman kibod, waɗanda ba kowa ke taɓa su ba. Na farko ƙ, na biyu ɗ, na uku ɓ, manyansu na biye. Ta ɗiga wa kowanne jan farce. Shekara goma sha ɗaya kwamfutar nan tana yi mata bauta, baƙa, mummuna, mai gurnani in an kunna ta. Wata Laraba ta yi ƙauri ta mutu.

Ta kuwa zaɓi makon mutuwa. Malama Fatu, wadda ta shekara talatin da biyar tana koyar da Hausa, za ta yi ritaya, an sa walimar ban-kwana ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya. Da ƙafarta ta kawo tsarin taron a rubuce, kwafi ɗari biyu take so. Ta ce rabin masu zuwa malaman Hausa ne, irin waɗanda in ka ba su takardar asibiti ma sai sun duba ƙa'idar rubutu kafin su sha maganin, shi ya sa ba ta kai wa kowa ba sai ita.

A nan Jalo ya shigo. Autan gidansu ne, Habibatu ce ta goye shi. Yanzu shekararsa arba'in da uku, 'ya'ya uku, tumbi ya fara rigan shi shiga ɗaki. Yana aiki a wani ofis inda ba a taɓa jin wani fayil ya yi kewar sa ba. Wayarsa cike take da bidiyon wasu Turawa da ba su da aiki sai buɗe kwali a gaban kyamara, daga nan ya samo digirinsa na sanin kwamfuta. Mutumin da bai taɓa buga wasiƙa ɗaya cikakkiya ba, amma in ya fara maka lissafin giga sai ka ɗauka da shi aka ƙera abin. Burinsa a duniya ya mallaki irin kwamfutar da ake buga ƙwallo da harbe-harbe a cikinta, matarsa kuwa ta riga ta gaya masa ranar da ya shigo da ita gidan, ranar za ta kai shi ƙara wurin dangi. Da ya ji kwamfutar yayarsa ta mutu, ya zo jaje har da ruwan leda, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

“Adda, kada ki je ke kaɗai, cutar ki za su yi,” in ji shi. “Ni na san harkar nan.”

Ranar Alhamis da safe ya ɗauke ta sai Shadawanka, shagon Azubuike da ke kusa da ƙofar bariki, inda samarin sojoji ke sayen kayan wasa. Azubuike ya haura shekara ashirin a Bauchi. Hausarsa har yau ba ta raba mace da namiji, amma idonsa yana raba mai aiki da mai son a gan shi. Ya tambaye ta me take yi da kwamfuta. Ta ce wasiƙu, katin biki, takardun makaranta, sai fom da take cika wa mutane. Ya shiga ciki ya fito da wata baƙa 'yar Kwatano, wato ta hannu, irin ta ofis, da dogon kibod da linzami, wato maus, ya ajiye.

“Hajiya, wannan ya ishe ka. Shekara goma zai yi maka aiki, ba ya cin wuta.”

Da a nan aka tsaya da babu labari. Jalo ya ja tsaki har sai da wani soja ya juyo. Ya ce wannan ai gawa ce aka yi wa wanka. Ya ja yayarsa can ƙurya, gaban wani akwati mai gefen gilashi, cikinsa fankoki uku suna juyawa suna sauya launi kamar motar amarya. Ya ce wannan ram goma sha shida gare ta. Habibatu, da 'yar Turancinta na sakandare, ta ce ita ba layya ta zo yi ba, kuma garken Baffansu ya fi haka raguna amma ba su taɓa kunna fitila ba. Azubuike ya yi dariya har da buga tebur. Jalo bai ji kunya ba. Irinsu ba sa ji. Ya nuna mata wani ƙarfe mai kauri a ciki, ya ce katin hoto ke nan, wai shi ne zai sa ƙugiyoyinta su fito tas kamar a taɓa. Ya ɗauko linzami mai maɓallai bakwai, ya ɗauko abin sawa a kunne mai kama da na direban jirgi, ya ce duk na aiki ne. Ta tambaye shi wace wasiƙa ce ake bugawa da kunne. Ya ce ita dai ba za ta gane ba, duniya ta wuce nan.

Duk wannan bai kama ta ba, a faɗi gaskiya. Mace ce da ba fitila ke ruɗin ta ba. Abin da ya kayar da ita ɗan ƙarami ne, kuma laifinta ne, babu wanda zai wanke ta. Jalo ya turo mata wani guntun kibod mai walƙiya, ya ce ta dai taɓa. Ta ɗora yatsu takwas a gidajensu, ta buga layin farko da Madam Titilayo ta koya musu. Sai abin ya amsa. Ƙas-ƙas-ƙas, kowane maɓalli da nauyinsa, yana nutsewa yana dawowa, sak tafiretar 1985. Shekara da shekaru tana buga robar da ba ta magana, yau ga abu yana mayar mata da amsa. Ta rufe ido ta sake buga layin. Ta ga ɗakin nan nasu, ta ji ƙamshin kabon, ta ga kanta siririya da ɗankwali ja. Matar da ke juya tumatir sau uku kafin ta saya, ta sayi kibod ido a rufe. Azubuike ya buɗe baki ya ce amma Hajiya wannan ba shi da, Jalo ya tare shi da cewa a sa a kwali, sauri suke yi. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya kwashe mata takardunta da tsarin haruffanta daga cikin tsohuwar da suka taho da ita ya zuba a sabuwar, aka ɗora wa keke.

Bayan azahar aka haɗa komai. Shagon ya koma ja, ya koma shuɗi, ya koma kore, har maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko an buɗe gidan hoto ne. Habibatu ta yi bisimilla, ta shimfiɗa rubutun Malama Fatu, ta fara. Layi na biyu ta iso kalmar ƙasa. Ɗan yatsanta ya tashi da kansa, kamar yadda ya saba shekara goma sha ɗaya, ya nufi layin sama, ya sauka a kan katakon tebur. Ta sake miƙawa. Katako. Sai a lokacin ta sunkuya ta kalli abin da ta saya. Layin saman babu shi gaba ɗaya. An yanke shi, an yanke na gefe, an bar iya abin da mai harbin aljanu a gilashi yake buƙata.

Jalo ya ce ƙaramin abu ne. Ya ture ta ya zauna, ya danna nan ya danna can. Fitilun kibod suka koma ruwan hoda. Ya sake dannawa, suka fara gudu daga hagu zuwa dama. Ya sake, suka shiga numfashi kamar mai barci. Awa guda cur masanin nan yana fama, ya gano hanya goma sha biyu ta sauya launi, bai gano ƙ ɗaya ba. Aka kira Istifanus, waya ba ta shiga, matarsa ta ce ya tafi jana'iza ƙauyensu sai Litinin. Da Jalo ya ga asirinsa na shirin tonuwa, sai ya koma wa'azi. Ya ce wa ya damu da ƙugiya a zamanin nan, kowa a waya haka yake rubutu kuma ana ganewa, har masu digiri. Ya ce ita kaɗai ta rage a Bauchi tana wahalar da kanta a kan 'yar lanƙwasa.

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. “Jalo, da wannan 'yar lanƙwasar aka saya maka wandon makaranta. Gobe da safe ka mayar wa mutumin nan abinsa, ka karɓo mini dogon.”

Ya ce to, Adda.

Da ta san abin da ke cikin wannan to ɗin, da da kanta ta je. Amma da sassafe ranar Juma'a aka aiko daga Tirwun cewa Goggonsu ta faɗi a banɗaki, ba a san ko ƙugu ya karye ba. Habibatu ta miƙa wa Jalo makullin shago, ta maimaita masa saƙon sau biyu, ta tafi. Lissafinta mai sauƙi ne: shafi biyu ne, in ta dawo Asabar da sassafe ta tarar da dogon kibod, rabin awa ya ishe ta, firinta ta yi sauran.

Shi ma da nasa lissafin. Ya riga ya gayyato abokansa uku su zo bayan Juma'a a gwada ƙwallo, kuma ya san in guntun kibod ya koma, gobe katin hoton zai bi shi, jibi akwatin gilashin. In kuwa aiki ya kammala, Adda ba ta da bakin magana. Sai ya zauna da yatsunsa biyu ya buga tsarin taron da kansa, ya fitar da ɗari biyu cif, ya ɗauka ya kai wa mai gadin zauren da za a yi walimar. Wai taimako ke nan. A hanya har yana gaya wa mai keke yadda tsofaffi ke tsoron fasaha.

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar ta buɗe shagonta. Kwalaben lemo huɗu, ɓawon gyaɗa har cikin firinta, guntun kibod yana nan yana numfashinsa na ruwan hoda. A kan tebur kwafi ɗaya na gwaji da ya bari. Ta ɗauka ta karanta a tsaye. An rubuta cewa Malama Fatu ta shekara talatin da biyar tana yi wa kasa hidima, wato macijiya. An ce ɗalibai za su yi wasa mai kayatarwa, an ce za a kare taro da addu'a. A tsakiyar shafi, da manyan haruffa: isowar manyan baki. Can ƙasa kuma, inda take sa sunan shagonta a kowace takarda tun ranar da ta buɗe shi, an rubuta: an buga a shagon Hajja Kugiya. Ko sunan nata bai tsira ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauki baƙin biro uku. Ta biya gidan Jalo, ta tarar da shi da kofin shayi, yana murmushin mai jiran godiya. Ta ce ya sa takalmi. Matarsa ta leƙo, ta kalli fuskar Habibatu, ta koma ciki.

Takwas da rabi suna ƙofar zauren. Ta karɓi ƙunshin daga hannun mai gadi, ta ja benci ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙirga: ƙugiya ashirin da uku kowace takarda take nema, takardu ɗari biyu. Ta miƙa wa Jalo biro ɗaya da kwafi ɗaya, ta ce ya fara. Bayan minti biyar ya miƙo mata da alfahari. Bawan Allahn nan duk k da ya gani ya lanƙwasa mata kai, duk d ya ba ta ƙaho. Ya mayar da kowa ƙowa, ya mayar da wakilin fada wakilin faɗa, ya roƙi Allah ya saƙa wa Malama da alheri, kamar tabarma. Ashe ba injin ne kaɗai bai san inda ƙugiya take ba. Ta fizge biron, ta ce ya je can ya tsaya inda ba zai taɓa komai ba.

Hannun ya tuna aikinsa. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, ta juya shafi, ƙyas, ta ajiye, ta ɗauki wata. Goma da rabi baƙi suka fara isowa tana kan ta ɗari da goma. Ta danne sauran da gwiwar hannu. Duk wanda ya miƙo hannu sai ta ce ya ɗan dakata, ta gama tasa ta ba shi. Layi ya miƙe har bakin titi, manyan riguna da manyan gyale a cikin rana, suna jiran tsohuwar mai tafireta. Wani ya ce a ba shi haka nan, shi ba jarrabawa ya zo ba. Ba ta ko ɗago ba. Malama Fatu ta iso cikin leshi, ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ba a gyara ba, ta karanta, ta cije leɓe. Mace mai kirki ce, ta sunkuyo ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Hajja, bar shi haka. Ai kowa zai gane.”

“Za su gane, Malama. Shi ya sa.”

Sha biyu saura ta lanƙwasa ta ƙarshe, ta kan sunanta. Biro biyu sun ƙare, yatsanta na tsakiya ya kumbura. Ko takarda ɗaya ba ta shiga zauren nan tsirara ba. Ta miƙe, bayanta ya yi ƙara, ta shiga don ta sami kujera a baya ta huta.

Tana shiga ta ji zauren ba daidai yake ba. Shugaban taro yana kan jawabi, ya fi minti ashirin yana gabatar da kansa, amma malaman Hausan nan ba shi suke kallo ba. Kafaɗunsu rawa suke yi, wasu sun toshe baki da tsarin taron, wayoyi sun ɗaga sama. Ta bi inda wayoyin suka nufa. Ashe Jalo bai tsaya a ɗari biyu ba, har da gyara ya yi. Don ya nuna abin da katin hotonsa ya iya, ya buga wata babbar takarda mai launi bakwai, ya sa mai gadi ya manna a bango daidai saman kujerun alfarma. Mutum tara suna zaune a ƙarƙashinta sun harɗe, suna gyaɗa kai, a saman hulunansu an rubuta MANYAN BAKI.

Ta waiwaya. Jalo yana bakin ƙofa, ya ga abin da ta gani, ya fara ja da baya. Ba ta bi ta kansa ba. Ta bi tsakiyar zauren da silifas ɗinta, biro na uku a hannu, ta wuce gaban mai jawabi, ta hau dandamalin. Wani mai babbar riga ne zaune daidai ƙarƙashin harafin K ɗin.

“Ranka ya daɗe, ɗan tashi.”

Mutumin ya tashi, don bai san me zai yi ba in bai tashi ba. Ta cire takalmi, ta taka kujerarsa, ta miƙa hannu. Harafin ya kai tsawon tafin hannu, biron kuwa siriri, sai da ta bi layin sau goma sha wani abu kafin ƙugiyar ta fito yadda na baya zai gani. Mai jawabi ya juyo yana kallon ta. Zauren ya yi tsit, ban da ƙarar biro a kan takarda. Da ta gama ta ja baya kaɗan ta duba, ta ƙara wa lanƙwasar kauri, ta sauko, ta kaɗe wa mutumin kujerarsa da gefen gyale, ta ce ya zauna. Malama Fatu ce ta fara tafi. Habibatu ba ta tsaya cin shinkafa ba.

Ranar Litinin Istifanus ya dawo. Ya ji labari, ya kalli guntun kibod, ya danne wani ɗan maɓalli da ke ƙurya ya haɗa da lamba ɗaya. Sai ga ƙ a kan allo. Ko daƙiƙa biyu bai yi ba. Maɓallin nan shi Jalo ya shafe awa guda yana dannawa yana sauya launi. Kuma maimakon ya nemi ramin da zai shiga, sai ya washe baki ya ce ai ga shi nan, dama ya faɗa, kibod ɗin lafiyarsa ƙalau, a bar komai yadda yake. Habibatu ta ce ita ba ta buga harafi ɗaya da yatsa biyu, ba haka aka koya mata ba, kuma ba za ta fara a shekara sittin don wani ƙato ya ci ƙwallo ba.

Ita kaɗai ta koma Shadawanka, akwatin gilashin a kan cinyarta cikin keke. Azubuike bai ce ai na gaya maka ba, ko da yake an ga maganar a bakinsa. Hoton ya riga ya iso wayarsa, ita a kan kujera, hannu a sama. Ya fito da baƙar 'yar Kwatanon nan da dogon kibod. Ta sa tabarau ta bi maɓallan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tun daga layin sama, sai da ta tabbatar kowa yana gidansa. Guntun kuwa ya ce ba zai karɓa ba, maiƙon gyaɗa ya shiga tsakanin haruffa. Ta kai wa Jalo har gida ta ajiye masa a cinya.

Yanzu in ka shiga shagon za ka ga ɗigon jan farce shida a layin sama. Sabon kibod ɗin ba ya magana, kamar ana taka auduga. Wani lokaci in babu kowa takan buga layin Madam Titilayo ta ɗan saurara, sai ta ja tsaki ta ci gaba da aikinta. Masu keke har yau Hajja Ƙugiya suke cewa, kuma suna furta ƙ ɗin da kyau. Jalo ma ya sami suna. Daga ofis har majalisar da yake zama, har 'yan unguwar da ba su san mafarin zancen ba, Manyan Baki suke kiran sa, yana amsawa. Guntun kibod ɗin yana kan durowar ɗakinsa, babu kwamfuta, ya jona shi da cajar waya. Yana ta sauya launi.